Daga Kantin Kyamis Zuwa Rumfar Tasha: Shaye-shaye, Kwanan Waje da Tsaro a Ikara, Maƙarfi da Kudan

A takardun gwamnati, shaye-shaye aikin hukumar NDLEA ne, bara da kwanan titi na ma'aikatar jin daɗin jama'a ne, sata da ƙwacen waya kuwa na 'yan sanda. Ofis uku, kasafi uku. Amma wanda ya san garuruwan arewacin ƙasar Zazzau, daga Hunƙuyi zuwa Tashar Yari, daga Maƙarfi zuwa Ikara da Paki, ya san sau da yawa mutum ɗaya ne ake ta magana a kansa. Shi ne yaron da ya fara haɗiyar ƙwaya don ya jure aikin gona. Shi ne aka kora daga gida bayan ya sayar da buhun masarar mahaifiyarsa. Shi ne kuma 'yan sintiri suka tarar a rumfar kasuwa da tsakar dare suka ɗaure, ko ya yi sata a ranar ko bai yi ba.

Wannan tafiya tasa ce ya kamata a bi daki-daki, domin a shekaru goman nan kusan duk matakin da aka ɗauka a Jihar Kaduna a kan ƙarshenta ya faɗa: a kama, a kora, a rufe. Kuma daga sama ake yanke shi, ko daga Abuja ko daga Gidan Sir Kashim, fadar gwamnatin jiha. Ƙaramar hukuma, wadda ita ce mai kasuwa da tasha, ta zama 'yar kallo a kan abin da ke faruwa a bakin ƙofar sakatariyarta.

A cikin Kano ko Kaduna an saba jingina ƙwaya da zaman kashe wando. A wannan yanki ba haka abin yake farawa ba. Ƙasa ce ta rake da tumatir da masara da barkono, ana noman damina ana noman rani, kuma yawancin aikin da ƙarfin tuwo ake yin sa. Duk wanda ya taɓa tsayawa inda ake lodin rake a Maƙarfi ya gani da idonsa: dami a kafaɗa, a haura, a jefa cikin mota, a sauko a ɗauki wani, tun hantsi har la'asar sakaliya. Ɗan ƙwadago ba albashi yake jira ba, jinga ake yi da shi, kunya kaza kuɗi kaza, mota kaza kuɗi kaza. Wanda ya gama da wuri ya kama wata jingar. Ta nan tiramol ya samu ƙofa. Da farko ba wanda ke kiransa kayan maye, maganin gajiya ake ce masa. A jefa shi cikin shayi da asuba a wuce gona, har akan samu mai gonar da kansa ya kawar da kai, tunda aikinsa na gudu.

Hukumar NAFDAC ta amince ne kawai da mai ƙarfin miligiram 50 da 100, shi ma don masu ciwo kuma da takardar likita. Wanda ke yawo a aljihun samari mai 200 ne da 225, na fasa-ƙwauri, akasarinsa daga Indiya. Jiki kuwa sabawa yake yi. Ƙwaya ɗaya ta koma biyu, biyu ta koma huɗu, har a kai ranar da in bai sha ba ko fartanya ba zai iya ɗagawa ba: gumi, hamma, ciwon gaɓoɓi, gudawa, barci ya ƙaurace. Wanda ya zarce ƙa'ida kuma yakan yanke jiki ya faɗi yana jijjiga irin ta farfaɗiya. A gida sai a ce iska ce ta taɓa shi, a nufi wajen mai ruƙiyya, alhali sauran ƙwayar na cikin aljihun wandonsa.

Aikin da ya koya masa shan ba kullum yake samuwa ba. In rake ya ƙare, ko tumatir ya yi kwantai, ko annoba ta faɗa wa gona kamar a 2016, lokacin da tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye tumatir har gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kanta, ɗan ƙwadago ne ke fara ji a jika. Kamfanin tumatir na Ikara, wanda aka kafa tun 1981 don ya riƙe irin waɗannan hannaye, ya shafe shekaru masu yawa a rufe. Cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya ƙara tsadar ban-ruwa da sufuri. Aiki ya tafi, sabo bai tafi ba. Wanda ba shi da kuɗin tiramol sai ya gangara zuwa abin da ya fi araha kuma ya fi ɓarna: sholisho, madarar sukudaye, zaƙami, shaƙar fetur, da haɗe-haɗen kwalba irin su a-kuskura.

Babban binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha wani abin maye, ban da giya da taba, a shekarar da ta gabata. A Arewa maso Yamma mutum miliyan 3 ne. Kano ta haura miliyan ɗaya, Kaduna kuwa kimanin 462,000, wato mutum ɗaya cikin goma. Abu biyu a cikin rahoton sun fi jimillar muhimmanci a wurina. Na farko, cikin kowane mutum biyar masu sha, ɗaya ya riga ya kai matsayin da yake buƙatar magani, nasiha kaɗai ba za ta ishe shi ba. Na biyu, cikin kowane huɗu ɗaya mace ce. Su matan ba a ganinsu a tasha. A ɗaki suke sha, a gidan biki, a zaman zawarci, kuma iyali sun gwammace su rufe da su kai su asibiti, don gudun abin da zai hana aure. Duk tsarin da aka gina a kan kamen titi bai ma san da zamansu ba.

Ranar 1 ga Mayun 2018, kwana ɗaya bayan BBC ta fitar da bincikenta a kan maganin tari mai kodin, gwamnatin tarayya ta haramta shigo da shi da sarrafa shi. Matakin ya yi amfani, ba a musun wannan: kwalbar ta yi tsada, ta yi wuyar samu. A watan Fabrairun 2024 kuma aka tilasta wa dilolin magani na Sabon Garin Kano komawa sabuwar kasuwar Dangwauro da ke kan hanyar Zariya, inda sa ido ya fi sauƙi. Sai dai masu sha ba su ragu don kwalba ta yi tsada ba, sauya sheƙa suka yi zuwa su roci da diyazafam da firegabalin. Abin ya yi kama da na mai ban-ruwa da ya toshe bakin fangali ɗaya: ruwan bai koma rijiya ba, fangali na gaba ya nufa. Fangali na gaba a nan shi ne ƙauye. Waɗannan ƙananan hukumomi suna bakin iyakar Kano, Kudan na maƙwabtaka da Ɗanja ta Jihar Katsina, babbar hanyar Zariya zuwa Kano ta ratsa yankin. Kowane gari da ranar kasuwarsa, kowace kasuwa da mai tallan magani a kwando ko a bayan babur, kowace unguwa da kyamis ɗinta, wanda sau da yawa shi ne likita, shi ne mai allura, shi ne mai ba da bashi. Mafi yawansu mutanen kirki ne da ke cike giɓin da asibiti ya bari. Amma ɗaya ya isa ya lalata samarin gari guda, kuma kowa a garin ya san wane ne.

Inda na fi so a tsaya shi ne gida, don a nan ake yanke hukuncin ko yaro zai kwana a ɗaki ko a tasha. A ƙasar Hausa ta karkara ba a cika samun wanda ba shi da gida ba. Akwai dai wanda gida ya gaji da shi. Ana farawa da faɗa, a kai ga duka, a haɗa shi da kawu ko liman, a yi rubutu a yi tofi. Ranar da tunkiyar uwa ta ɓace, ko aka nemi injin ban-ruwa aka rasa, haƙuri ya ƙare. Kafin 2019 mataki na gaba sananne ne: gidan mari. A biya malam, a sa wa yaro mari a ƙafa, a bar shi wata shida ko shekara biyu. A ƙarshen Satumbar 2019 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum sama da 300, manya da yara, da yawansu cikin sarƙa, bayansu duk tabon bulala. A watan Oktoba aka sake fasa wasu a Daura da Kaduna da Zariya, Kano ma ta ba da umarnin rufe nata. Rufewar daidai ce. Ba addini ba al'ada da ta yarda a ɗaure ɗan'adam a azabtar da shi da sunan gyara.

Amma iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba don mugunta suka kai su ba. Wurin da suka sani ke nan, kuma shi ne aljihunsu zai iya ɗauka. Da aka rufe, me aka ba su? Uwar da ke Gazara ko Kauran Wali, in tana son a duba ɗanta a asibiti, sai ta nufi asibitin koyarwa na Shika ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Kuɗin mota na mutum uku, don shi kaɗai ba zai tafi ba, sai an riƙe shi. Kuɗin kati, kuɗin gwaji, kuɗin kwanciya in an samu gado, sannan zaryar karɓar magani wata-wata. Manomin da ke lissafin buhun taki ba zai jure wannan ba. Saboda haka zaɓi biyu suka rage masa: ya ɗaure ɗansa a turke a bayan ɗaki inda ba mai gani, ko ya ce masa ya bar masa gida. Marin bai ɓace ba, gida ya koma. Wanda aka kora kuwa ya nufi tasha.

A da akwai zaure. Baƙo, ɗan ci-rani, almajiri, har mai taɓin hankali na unguwa, duk suna da inda za su shimfiɗa tabarma, kuma mai gida ya san da su. Ginin zamani ya zo da ƙofar ƙarfe, tsoron masu kai wa ɓarayin daji rahoto ya sa ba a ƙara son baƙon da ba a sani ba, masallatai da yawa ana kulle su bayan lisha. Masu kwanan waje suka koma rumfunan kasuwa da kangaye da ƙarƙashin manyan motoci. A can almajiri ɗan shekara goma da ɗan ƙwaya ɗan shekara ashirin da biyar suke kwana gefe da gefe, kuma ba sai an faɗi wanda ke koya wa wani ba.

Amsar gwamnatin jiha ga wannan ita ce hani. A watan Yulin 2015, bayan bam ɗin da ya tashi a sakatariyar ƙaramar hukumar Sabon Gari, gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta hana bara da talla a tituna, a 2016 kuma abin ya zama doka. A 2020, lokacin korona, gwamnan ya ce an mayar da almajirai sama da 30,000 jihohinsu na asali, Kaduna ma ta karɓi nata daga maƙwabta. Niyyar a mayar da yaro gaban iyayensa niyya ce mai kyau. Sai dai doka ta fi ƙarfi a shataletalen Kaduna da Zariya fiye da kasuwar ƙauye, kuma talaucin da ya fitar da yaro daga gida yana nan yana jiransa ranar da motar gwamnati ta sauke shi. Da korona ta lafa, da yawa suka koma inda aka kwaso su. An tsabtace idon birni na ɗan lokaci, nauyin ya sauka a kan garuruwan da ba su da ko ma'aikacin jin daɗin jama'a mai babur ɗin zagayawa.

Ta fuskar tsaro kuma ya kamata a rarrabe tsakanin aya da tsakuwa. Daren 1 ga Satumbar 2023 'yan bindiga suka afka wa ƙauyen Saya-Saya a Ikara suka buɗe wuta a masallaci lokacin sallar lisha, mutum 7 suka rasu. Wannan aikin masu makami ne da tsari, ba na yaron da ke shaƙar sholisho a bayan tasha ba. Alaƙa dai akwai ta: ɓarayin daji na cikin manyan masu sayen ƙwaya, kuma wanda yunwar ƙwaya ta kama ba ya da wuyar saye da 'yan kuɗi kaɗan don ya nuna gidan mai shanu. Amma ɓarnar ɗan ƙwaya ta yau da gobe ƙarama ce: waya, akuya, kan injin, wayar lantarki, faɗan wuƙa a wajen biki. Ita ce ke hana mutane barci, ita ce kuma ke sa in an yi ihun ɓarawo jama'a su yanke hukunci da hannunsu kafin 'yan sanda su iso. Gwamna Uba Sani ya ɗauki 'yan sintirin KADVS 7,000 a 2023, kuma an ga amfaninsu a ƙauyuka. To amma ɗan sintiri in ya kama ɗan ƙwaya, ina zai kai shi? Caji ofis, beli, ko kotu da 'yan watanni a gidan yari, inda zai fito ya fi yadda ya shiga sanin hanya. Ga shi kuma idon gargajiya ya ragu, tun da a 2017 aka rage gundumomin hakimai daga 390 zuwa 77, dagatai da yawa suka rasa muƙamansu.

Shugaban ƙaramar hukuma zai iya cewa hannunsa a ɗaure yake, kuma yana da hujja. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ajiye 'yan sanda da dokar magunguna a hannun tarayya. Lasisin kyamis daga hukumar masu harhaɗa magunguna ta ƙasa yake fitowa. Kuɗi kuwa an daɗe ana bi da su ta asusun haɗin gwiwa da jiha, kuma hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, aiwatar da shi na tafiyar hawainiya. Duk da haka, jadawali na huɗu na wannan kundin ya ɗora wa ƙaramar hukuma kasuwanni da tashoshin mota, da sa ido a kan shaguna da rumfuna, da samar da gidajen gajiyayyu da marasa galihu, da sa hannu a harkar lafiya da firamare. Wato duk inda yaron nan ya bi a tafiyarsa, filin ƙaramar hukuma ne. Mai karɓar haraji yana zuwa kowace rumfa ranar kasuwa da rasit a hannu. Hukumar da ta san rumfar da ba ta biya ba, ba za ta ce ba ta san rumfar da ake sayar da tiramol mai 225 ba. Ba ta da ikon soke lasisi, amma tana da ikon hana rumfa, da hana tallan magani a kwando, da miƙa suna ga masu ikon sokewa.

A kan magani ma ba daga sifili za a fara ba. Jihar Kaduna na cikin na farko da suka kafa hukuma ta musamman a kan shaye-shaye, KADBUSA, wadda daga baya aka faɗaɗa ta ta haɗa da lafiyar ƙwaƙwalwa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Akwai babban asibiti a Ikara da Maƙarfi da Hunƙuyi, akwai shirin ƙaramin asibiti a kowace mazaɓa cikin 255 na jihar, kuma kwalejin koyon aikin lafiya ta Shehu Idris da aka kafa a Maƙarfi ta daɗe tana yaye ma'aikatan lafiya na karkara. Abin da ya rage shi ne a haɗa waɗannan: rana ɗaya a mako da mai duba masu shaye-shaye zai zauna a kowane babban asibiti, ma'aikata biyu a kowace mazaɓa da aka koya wa gane alamun da bibiyar mai jinya, ranar mata daban da ƙofa daban, da ɗaki mai tsabta kusa da tasha inda mai kwanan waje zai kwana a rubuta sunansa a nemi danginsa. 

Sauran duniya ta gwada hanyoyin biyu, na kame da na jinya. Fotugal ta daina ɗaure mai shan ƙwaya a 2001, ta riƙa tura shi gaban wani ƙaramin kwamiti da ke haɗa shi da magani, kuma ta zuba kuɗi a wuraren jinyar. Mace-mace da yaɗuwar ƙanjamau a tsakanin masu allura suka ragu ƙwarai. Jihar Oregon ta Amurka ta kwaikwayi rabin farko a 2020, wuraren jinya suka yi jinkirin samuwa, tituna suka cika, a 2024 ta dawo da hukunci. Mu kuma rabin da muka riƙe shi ne na kame, shi ma ba jinya a bayansa. Misalin da ya fi kusa da mu ma na gida ne. A 1954 Farfesa Adeoye Lambo ya fara wani tsari a ƙauyen Aro kusa da Abekuta: mai taɓin hankali ya sauka a gidan mutanen gari tare da ɗan'uwansa guda, da rana ya je asibiti, da dare ya kwana cikin jama'a, kuma ba a kori masu maganin gargajiya ba, an jawo su ciki. Garin da ke da mai unguwa da liman da alaramma da 'yan agaji, wasu ƙauyukan Ikara har da fasto, ba zai rasa waɗanda za su riƙe irin wannan ba. Malaman da a da iyaye ke kai wa 'ya'yansu, waɗanda ba su da laifin azabtarwa, sun fi amfani a cikin tsarin, ƙarƙashin idon ma'aikacin lafiya, da a bar su suna yi a ɓoye.

Babban cikas ɗin, a ganina, ba kuɗi ba ne kuma ba doka ba ce. Samarin nan suna da amfani ga wasu a yadda suke. Lokacin kamfe su ne ke cika mota, su ne ke riƙe gora a gaban ayari, su ne ke tsare akwati ko su fasa shi, kuma ba asiri ba ne cewa kuɗin da ake watsa musu a wajen dila yake kwana. In an kama dila, kafin a gama rubuta sunansa waya ta iso daga wani babba. Kansila ko shugaban da zai hana rumfar ƙwaya a kasuwarsa dole ya yarda ya ɓata da wasu daga cikin waɗanda suka yi masa wahala ranar zaɓe, kuma ba zai iya shi kaɗai ba sai hakimi da limaman Juma'a da shugabannin kasuwa da na ƙungiyar direbobi sun tsaya a bayansa a fili. Shugabannin da ke kan kujera a Ikara da Maƙarfi da Hunƙuyi an zaɓe su ne a watan Oktoban 2024, ga zaɓen 2027 na ƙaratowa, lokacin da kasuwar 'yan jagaliya ke buɗewa. Kafin a kai can, mutanen kowace mazaɓa suna da haƙƙin su nemi a nuna musu layin da aka rubuta wa jinyar masu shaye-shaye da makwancin marasa galihu a kasafin ƙaramar hukumarsu, da adadin da aka saki daga ciki.